YouGlish da rigimar -ed: bayan wata uku ina amfani da shi

Tun kwanaki nake cewa zan rubuta wannan abin amma kullum sai wani abu ya sha gabana, yau dai na ce ko me za a yi sai na zauna. Maganar YouGlish ce, shafin nan da za ka rubuta kalmar Turanci ya zaƙulo maka bidiyoyin YouTube daidai inda wani ya faɗe ta. Na yi wajen wata uku ina shiga kusan kullum, kuma abu ɗaya tak ne ya kai ni, wato wannan ɗan -ed ɗin da ake liƙa wa aikatau a ƙarshe in abu ya riga ya faru, irin su worked, played, wanted. Haruffa biyu kacal amma wallahi sun daɗe suna ba ni kunya ban ma sani ba.

Yadda na gane kuwa, muna wani taro ne ta intanet, na ce na gama aikin da aka ba ni kuma na duba shi, sai na faɗi finished da checked yadda na saba tun ina yaro, wato finishid da cekid. Babu wanda ya yi dariya, babu wanda ya gyara min, amma wata mata da ta yi magana bayana ta maimaita kalmomin nan biyu a cikin nata bayanin, finisht, cekt, a gajarce kamar an datse musu wutsiya da almakashi. A lokacin ne kunnena ya buɗe. Na koma na saurari rikodin ɗin taron daga baya, kai jama'a, duk inda -ed ya fito a bakina sai na ƙara masa gaɓa guda, ni ko a jikina, ina ta zuba.

Kafin YouGlish na fara gwada wata manhaja ta koyon furuci, ba zan faɗi sunanta ba. Irin wadda za ka yi magana a waya ta ba ka maki. Na ce wokid a maimakon wokt da gangan don in gwada ta, ta ba ni kore ta ce na yi daidai har da tafi. Na sake, ta sake yaba min. To wanda zai yaba maka a kan kuskure ai ba malami ba ne, ɗan kore ne kawai, ranar na goge ta.

To shi YouGlish yadda yake aiki babu wani wahala. Akwai akwatin bincike a sama, ka rubuta kalma ko jimla, ka zaɓi karin harshen da kake so, na Amurka ko na Birtaniya ko na Ostireliya ko kuma duka a haɗe, sai bidiyo ya fara daga 'yan daƙiƙu kafin kalmar, a ƙasa kuma ga rubutun abin da mutumin ke faɗa an haska kalmar taka da launi. Akwai maɓallin zuwa bidiyo na gaba, da na komawa baya, da na maimaitawa, kuma kana iya rage gudun maganar. Shi kenan fa. Kyauta nake shiga, a burauzar waya ma yana buɗewa. Ba Turanci kaɗai ba ne, akwai Larabci da Faransanci da Jamusanci da wasu, amma ni ban taɓa leƙa su ba.

Abin da nake so mutum ya sani tun farko shi ne, shafin nan ba zai koya maka dokar ba. Ba aikinsa ba ne. In ka shiga da kai babu komai za ka yi ta jin Turawa suna wucewa fuu fuu ka fito yadda ka shiga. Ni ma satin farko haka na yi, ina ta danna na gaba na gaba kamar mai kallon talabijin. Sai da na koma na zauna na fahimci dokar sannan shafin ya zama min wani abu.

Dokar kuwa ga ta, kuma ba ta da yawa. -ed yana fita ne ta hanya uku, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne sautin ƙarshe na aikatau kafin a liƙa masa -ed ɗin, sauti fa na ce ba harafi ba, nan ne mutane da yawa ke zamewa. In kalmar ta ƙare da sautin t ko d, to nan ne kawai ake ƙara gaɓa, a ce id, kamar wanted, needed, started, decided. Dalili a fili yake, ba za ka iya jera t biyu ko d biyu a ƙarshen kalma a ji su ba, dole a sa ɗan wasali ya raba faɗa. In ta ƙare da sauti maras ziza, wato p, k, f, s, sh, ch da th irin na cikin think, sai -ed ya koma t, stopped ya zama stopt, looked ya zama lukt, washed ya zama wosht. Duk sauran, wato baƙaƙe masu ziza da kuma wasula gaba ɗaya, d ne zalla, played, called, opened, loved, begged, babu ƙarin gaɓa ko ɗaya.

Wannan ziza ɗin da ake ta faɗa, kar kalmar ta tsorata ka. Ɗora yatsu biyu a maƙogwaronka ka ja sssss, za ka ji shiru. Yanzu ja zzzzz, za ka ji wajen yana kaɗawa kamar waya a silent. Wannan kaɗawar ita ce ziza. To t ba shi da ita, d yana da ita, shi ya sa maras ziza ke jan t, mai ziza ke jan d, baki ne kawai ke neman sauƙi, ba wani ne ya zauna ya tsara don ya wahalar da mu ba. Ni har yanzu in na yi shakka yatsuna na kai wuya, an sha kama ni ina yi ana tambayata ko maƙogwaro ke min ciwo.

Maganar sauti ba harafi ba, dubi laughed. A rubuce gh ne a ƙarshe amma f ake faɗa, don haka laft. Fixed kuma x ɗin ks ne, sai ya zama fikst, baƙaƙe uku a jere babu wasali ko ɗaya a tsakani, Allah sarki harshena. Hoped da liked da danced duk da e suka ƙare a rubuce amma e ɗin ba ya magana, p da k da s ne na ƙarshe. Shi kuma hated da invited, nan ma e ɗin shiru ne, t ne sautin ƙarshe shi ya sa suka samu id. Sannan ga closed da raised da used, s aka rubuta amma z ake faɗa, saboda haka d suke ɗauka.

Yanzu me ya sa abin ke ba mu wuya mu masu Hausa musamman? Na yi ta tunanin wannan, kuma ina ganin abu biyu ne. Na farko harshenmu ba ya son tara baƙaƙe a ƙarshen kalma, yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, shi ya sa sau da yawa kalmar da muka aro sai mun cusa mata wasula ta zauna daidai a baki, dubi yadda muka yi da asibiti da sukudireba. To bakin da ya saba da haka in ka ba shi fikst ko askt dole ya nemi inda zai huta, ko dai ya sa wasali ya ce fiksid, ko ya yar da t ɗin gaba ɗaya ya ce fiks. Na biyu kuma, wanda ni a ganina ya fi girma, mu ba a jikin aikatau muke nuna lokaci ba. Ya tafi, yana tafiya, zai tafi, tun kafin aikatau ya iso ka riga ka san ko an yi ko ana yi ko za a yi. Kunnenmu bai saba jiran wutsiyar kalma don ya san lokaci ba. Shi kuwa Bature duk labarin yana can a wannan ɗan t ɗin da ko rabin daƙiƙa bai kai ba, I walk da I walked bambancinsu kenan.

To a nan ne YouGlish ya yi min rana, kuma in ba za ka ɗauki komai daga wannan dogon surutun nawa ba ka ɗauki wannan: kar ka rubuta kalma ɗaya, rubuta ta tare da wadda ke bin ta. Na gano haka ne da picked. Da na rubuta picked shi kaɗai na saurari mutum wajen goma, wasu na ji t ɗin wasu ban ji ba, har na fara cewa ko dai su ma ba su iya ba ne. Sai na rubuta picked up. Kai! Kowa da kowa, pik-tap, pik-tap, t ɗin ya bar gidansu ya koma ya manne da up. Na gwada turned on, na ji tan-don. Na gwada looked at, luk-tat. Na gwada called it, kol-dit. Wallahi ranar ji na yi kamar an cire min auduga daga kunne, don wannan ai tsarinmu ne sak, baƙi da wasali, baƙi da wasali, babu wani cunkoso. Ashe in kalmar da ke gaba da wasali ta fara, -ed ɗin ya fi komai sauƙi a bakin Bahaushe, tsallaka shi kawai za ka yi gaba. Babu ƙamus ɗin da zai nuna maka wannan domin ƙamus kalma ɗaya yake faɗa a tsaye ita kaɗai kamar soja.

Sai kuma ɗaya gefen, in kalmar da ke gaba da baƙi ta fara. Rubuta walked to ko talked to ka saurara. t ɗin -ed da t ɗin to sun narke sun zama ɗaya, ba za ka iya raba walk to da walked to da kunne ba sai dai sauran maganar ta gaya maka, ko yesterday ko last year ko wani abu. Haka asked, mutane da yawa a cikin bidiyoyin ast kawai suke cewa, k ɗin ya ɓace, asked him ya koma as-tim. Wannan ya kwantar min da hankali ƙwarai, don na daɗe ina murɗe harshe ina son sai na fitar da s da k da t ɗaya bayan ɗaya, ashe masu harshen ma in suna sauri ba sa yi. Amma a lura, abin da suke yarwa daban, abin da ba sa taɓa yi daban. A duk sauraron da na yi ban ji ɗaya da ya ce askid ba. Gara t ɗin ya raunana da ka ƙara gaɓar da babu ita.

Zaɓen karin harshe ma ya yi amfani a nan. Wanted a bakin Ba'amurke sau da yawa wanid kake ji, t ɗin ya nutse cikin n, waited da started kuma t ɗinsu ya yi laushi ya koma kamar ɗan r mai sauri, alhali in ka koma na Birtaniya yawanci t ɗin na nan a fili. Amma duka biyun gaɓar id tana nan daram. A wajen 'yan Birtaniya kuma za ka ci karo da learnt da dreamt da burnt da spelt, da t ƙarara har a rubuce, inda Amurkawa suka fi cewa learned da dreamed. Shawarata ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai na ɗan lokaci, in ka bar shi a haɗe tun farko kanka zai ɗaure.

Wani wasa da na ƙirƙira wa kaina da shafin, neman tagwaye. Missed da mist sauti ɗaya ne. Passed da past, guessed da guest, packed da pact, banned da band, fined da find, allowed da aloud, bored da board. In na rubuta guest na ji mutum biyar, sai in rubuta guessed in ji biyar, in tabbatar wa kunnena cewa babu bambanci ko na ƙwayar zarra. Abin da ya sa wannan ya yi min aiki, ni ban taɓa samun matsala da faɗin band ko find ko past ba, tun da can daidai nake faɗarsu. Kenan bakina ya iya, idona ne ke yaudarata, da ya ga e sai ya ce wa baki faɗe shi. Da na gane haka sai rabin aikin ya ƙare.

Inda za ka yi hattara, shafin yana bin rubutu ne, duk inda aka rubuta kalmar zai kawo maka, ba ruwansa da ko aikatau ce ko sifa. Rubuta learned, mafi yawa za ka ji gaɓa ɗaya, can sai wani ya fito ya ce a learned man da gaɓa biyu, lanid, wato mai ilimi. Blessed ma haka, wani blest wani blesid musamman a maganar addini, aged ma haka. Na farko da na ji na ɗauka dokar ce ta rushe. Ba ta rushe ba, akwai wasu tsirarun sifofi ne da suka riƙe tsohon furuci, naked, wicked, crooked, rugged, ragged, wretched, sacred, waɗannan duk da id ake faɗarsu ko da k ko g ne kafin -ed ɗin. Sannan in aka ƙara -ly gaɓar na dawowa a wasu kalmomi, supposed gaɓa biyu ne amma supposedly huɗu, haka alleged da allegedly. Sai used to mai ma'anar da can na saba, yus-tu ake cewa da s, ba kamar used na amfani ba mai z da d. Waɗannan haddace su kawai za ka yi, ba su da yawa.

Abin dariya kuma, wannan finishid da wokid da nake jin kunyarsu, ashe a da can haka Turawan ma suke faɗa, -ed cikakkiyar gaɓa ce, a hankali wasalin ya zube ya rage sai bayan t da d da waɗancan tsirarun sifofin. Har a 1712 Jonathan Swift, marubucin nan haifaffen Dublin, ya yi rubutu yana ƙorafi a kan masu yanke wasalin suna rubuta irin su disturb'd da rebuk'd, yana ganin sun ɓata harshen da tarin baƙaƙe masu kaushi da wuyar faɗa. Kenan da a zamaninsa na zo da ni ne mai daidai, na makara ne da shekara 300 kawai. Haka kuma a 1958 Jean Berko ta yi wani gwaji a Amurka da ƙananan yara, wanda aka fi sani da gwajin wug, ta ba su kalmomin ƙarya da ba su taɓa ji ba ta ce su faɗi abin da mutum ya yi jiya, irin su rick da mot, gwajin ya nuna yaran doka suke bi ba hadda ba, kuma masu ɗaukar id ɗin sun fi ba su wuya. Mu kuma id ɗin ne muke rabawa kowa kyauta, duniya kenan.

To me ya rage wanda shafin ba zai yi maka ba? Ba ya jin ka. Zai cika maka kunne amma babu wanda zai ce maka a'a sake faɗa. Abin da nake yi, in saurari jimla sau uku, in dakatar, in faɗe ta a rikodar wayata, in kunna nawa in kunna nasu. Muryarka a rikoda ba ta ƙarya, kuma ba daɗin ji, amma haƙuri za ka yi. Na biyu mutanen ciki ba don kai suke magana ba, wani farfesa ne a aji, wani ɗan siyasa, wani ana hira da shi yana sauri kamar ana bin sa, saboda haka in Turancinka bai yi ƙwari ba tukuna ka rage gudun, kuma in mutum ya cika sauri ka wuce shi kawai akwai wasu a gaba. Kar dai ka rage gudun ya yi yawa, sautin yana jagulewa t ɗin ya koma wani shhh. Na uku bidiyo ne, yana shan data, kuma sai da iyafis, a lasifikar waya wannan ɗan t ɗin na ƙarshe ba ya fitowa sam, musamman in akwai hayaniya. Sannan akwai jarabar kallo, sau nawa na shiga neman stopped na ɓige da kallon laccar wani a kan taurari na minti 40, wannan kam laifina ne ba nasu ba.

Stopped ɗin nan ma ya tuna min, mu da p da f ke rikice mana sai mun ƙara kula, don stopped da stuffed in ba ka yi hankali ba abu ɗaya za su fito, haka wrapped da raft. Dokar -ed ba ta canzawa tunda duka biyun t suke ɗauka, amma ma'ana ta tafi. Na ware kwana biyu a kan wannan kaɗai.

Wa zan ce ya shiga? Duk wanda ya riga ya san dokar a takarda amma bakinsa ya ƙi bi, wannan nasa ne, minti goma a rana ya isa in dai jimla yake nema ba kalma ba. Malamai masu koyar da Turanci ma ina ganin zai rage musu aiki, maimakon ka yi ta faɗa da bakinka ka kunna musu mutum biyar su ji. Wanda kuma bai san bambancin t da d da id ba tukuna, ya fara zama da dokar da yatsu a wuya na kwana biyu uku sannan ya zo. In maki ake so ni na ba shi 4 cikin 5, ɗayan na riƙe ne saboda ba ya iya gyara min.

Finished da checked dai yanzu sun zauna, ko cikin barci aka tashe ni finisht zan ce. Waɗanda muke dambe da su a satin nan breathed ne da bathed da changed, wato d bayan th mai ziza da bayan j, jiya na yi rikodin changed sau goma sha biyu kuma a guda bakwai ina jin ɗan i ɗin nan yana leƙowa ta ƙarshe.